Na Dawo Daga Karatu A Sifaniya Ina Murmushin Dole

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 21, ina aji uku a jami'a, fannin tattalin arziki. An zaɓe ni cikin waɗanda za su je musayar ɗalibai ta zango ɗaya a ƙarƙashin shirin Erasmus, aka tura ni birnin Giranada a kudancin Sifaniya. Sai da aka kai ruwa rana a gidanmu kafin a bar ni. Baffana ya ce 'ya mace ba ta zuwa Turai ita kaɗai. Baba ne ya tsaya mini, ya ce ai Andalus ce, ƙasar malamai, har ya sayar da wani fili nasa don kuɗin biza da inshora da kafin alƙalamin ɗaki, kafin tallafin ya fara shigowa.

Na tafi a Fabrairu na dawo ƙarshen Yuni, kuma wallahi Anti ban ji daɗin ko mako guda ba. Darussa biyu kawai na samu da Turanci, sauran ukun da Sifaniyanci, ni kuwa gaisuwa kaɗai na iya, ita ma a manhajar waya na koya. Malami na magana ina kallon bakinsa. 'Yan ajinmu ba su wulaƙanta ni ba, amma da an tashi kowa ya kama gabansa. Sauran baƙin ɗalibai kullum suna mashaya da gidan rawa. Wata mai gida ta amsa mini a waya, da ta gan ni da hijabi ta ce an riga an kama ɗakin. Na yi azumi ni kaɗai, ranar Sallah ina aji. Rayuwata daga aji sai ɗaki, sai waya. Na faɗi darussa biyu cikin biyar, duka a cikin na Sifaniyancin.

Abin da ya fi damuna, duk hotunan da nake sawa na murmushi ne, a Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, a cikin dusar ƙanƙara. Kowa ya ɗauka daɗi na je na sha. Baba yana alfahari da ni a majalisa, bai san na faɗi ba. Yanzu shugaban sashenmu ya ce nan da mako biyu in yi wa ƙannenmu masu neman tafiya jawabi. In faɗi gaskiya ko in rufa wa kaina asiri? Yaya zan yi da Baba? Laifina ne, ko ƙasar ce ba ta karɓe ni ba? Yanzu ko jin Sifaniyanci ba na son yi.

Wa'alaikumus salam 'yata. Sannu da hanya, sannu kuma da haƙuri.

Wata biyar ɗin Giranada sun wuce, ba abin da ni ko ke za mu ƙara musu. Abin da ke hana ki barci yanzu a tsakar gidanku yake: kin dawo kina gadin wani labari da hotuna suka ba mutane, kullum kina fargabar ranar da zai fashe. Wannan yana da magani. Amma tunda kin tambayi laifin na wa ne, mu fara da shi, don muddin kina ganin ke ce daƙiƙiya ba za ki iya buɗe baki a gaban Baba ba.

'Yar tattalin arziki ce ke, sai mu yi lissafi. Cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Sifaniyanci a rukunin mafi sauƙi ga wanda ya iya Turanci. Duk da haka mako 24 zuwa 30 na zaman aji take ware wa harsunan wannan rukunin, kuma ga manyan ma'aikata ne da aka sauke wa kowane aiki aka ce su je su koya. Zamanki gaba ɗaya, daga saukar jirgi zuwa hawansa, bai kai mako 24 ba. Ke kuma ba ajin koyon harshe aka sa ki ba. An zaunar da ke cikin 'yan ƙasa ne, aka ce ki fahimci haraji da hauhawar farashi da harshen da ba ki iya cinikin tumatir da shi ba, sannan ki rubuta jarrabawa da shi. A Turai matakai shida ake auna iya harshe da su, daga A1 zuwa C2, kuma jami'o'in Sifaniya galibi B1 suke so baƙon ɗalibi ya kai kafin ya shiga darasin da ake yi da Sifaniyanci. Mataki na uku ke nan. Ke da gaisuwa kika tafi.

Ga kuma sauri. Wasu masu bincike a jami'ar Liyon ta Faransa sun auna a 2011, suka samu mai Sifaniyanci yana fitar da gaɓa kusan 8 a daƙiƙa guda, mai Turanci kuwa kusan 6. Sai kuma aka kai ki kudu, inda ake haɗiye ƙarshen kalma, kalma uku su manne su fito kamar ɗaya. 'Yan Madrid kansu suna yi wa mutanen kudu tsiya a kan wannan. Muryar cikin manhajar wayarki a natse take, tana ba kowane harafi haƙƙinsa. Malamin da ke gaban allo da ƙarfe tara na safe ba ya jiran kowa.

Saboda haka faɗuwa biyu ba ta ba ni mamaki ba. Abin da na tsaya a kansa shi ne wanda kika wuce da gudu a wasiƙarki: darussa uku aka yi miki da Sifaniyanci, kin ci ɗaya. A can daga 0 zuwa 10 ake ba da maki, 5 ne ci. Ko 5 ɗin cif kika samu, kunnenki da hannunki ne suka samo shi cikin wata huɗu.

Kuskuren da ya haifi faɗuwar an yi shi tun kina gida, ranar da aka cike takardar yarjejeniyar darussa ba wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi da wane harshe ake koyarwa, kuma ko akwai gurbi a na Turancin. Kina da kaso a ciki, manyan da suka sa hannu tare da ke ma suna da nasu.

Batun 'yan aji kuwa, kin yi musu adalci da kika ce ba su wulaƙanta ki ba. Yawancin ɗaliban Sifaniya kusa da gida suke karatu. Wasu a gidan iyayensu suke kwana, wasu da ranar Juma'a sun ja akwati sun tafi garinsu, sai Lahadi da dare. Matashin ƙasar yakan kai kusan shekara 30 kafin ya bar gidan iyaye. Abokansa tun na firamare ne, kuma ya saba ganin baƙi suna zuwa a Satumba ko Fabrairu suna tafiya bayan wata biyar. Shirin Erasmus tun 1987 yake, Giranada kuwa tana cikin biranen da suka fi karɓar ɗalibansa a Turai. A wurinki tafiya ce ta tarihi, a wurinsa baƙuwa ɗaya ce ta ƙaru a layin baya. Kafin ki yi fushi da su, ki tuno ajinku na gida. Akwai yarinyar da ta zo daga Kudu ko daga Kamaru, ba ta jin Hausa, kuna hira kuna ƙyalƙyala dariya ita tana duba waya. Sau nawa kika kai ta gidanku cin tuwo? Ba ƙinta kike yi ba. Kina da mutanenki ne kawai.

Sauran baƙin ɗaliban su ne ya kamata su zama naki, don su ma neman abokai suke, to amma a can a mashaya ake ƙulla zumunci. Giranada ta yi suna da cewa in ka sayi abin sha sai a haɗo maka da ɗan abinci kyauta, wanda suke kira tapas, shi ya sa ɗalibi mai ƙaramin aljihu can yake cin abincin darensa. Abincin rana sai biyu ko uku, na dare sai tara ko goma, fita yawo kuma bayan sha biyu. Cinyoyin alade na rataye a saman kanti, hatta kayan zaƙin gidan burodi sai ka tambaya ko da kitsensa aka yi. Yarinyar da ba ta sha, ba ta rawa, tana tashi asuba, an rufe mata babbar ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa. Ba ki yi asara ba da kika ƙi bin su, kuma kada wani ya ce miki rashin wayewa ne.

Mai gidan da ta ga hijabinki ta ce an kama ɗaki, wannan wariya ce, kada ki tsaya nema mata uzuri. Ƙungiyoyin kare haƙƙi a Sifaniya sun daɗe suna kuka a kan yadda ake hana baƙaƙe da Larabawa hayan gida. Masu kallon ƙwallo ma sun ga zagin wariyar launin fata da aka yi wa ɗan wasa Vinícius Júnior a filin Balensiya a 2023, har kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8 a shekarar da ta biyo. Wanda ke da kuɗi da suna bai tsira ba, balle ke. Sai dai mace ɗaya ce, kuma ai wani ya ba ki ɗakin da kika zauna.

Yanzu ga naki kason, ba don in ƙara miki ciwo ba. "Daga aji sai ɗaki, sai waya." A nan zangon ya tafi. Akwai ma abin da ya taimaka wa wayar: a lokacin sanyi agogon Sifaniya ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sai daga ƙarshen Maris suke gaba da mu da awa guda. Wanda ya je Amurka, rabin yininsa mutanen gida suna barci, dole ya fita ya nemi na kusa. Ke kuwa duk sanda kika ɗaga waya Mama tana nan, ƙawaye suna nan, hirar gida a WhatsApp tana tafasa. Ta rage miki zafin kaɗaicin wannan daren, ta kuma ɗauke miki dalilin fita gobe.

Alhali ƙananan ƙofofi suna nan. A unguwar Albaisin, kan tudun da ke fuskantar Alhambra, akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003, da lambunsa. In ka gangaro akwai layin masu shayi irin na Maroko, inda ake zama a yi hira ba giya. Birnin yana da ɗaliban Maroko masu yawa, cikinsu har da 'yan mata masu lulluɓi irinki, ga 'yan Senigal, ga Sifaniyawan da suka musulunta. Ba ki ambaci ko ɗaya ba, shi ya sa nake zaton azumin ya zo ya wuce ba ki taka can ba. Na san dalili. Wanda ba ya jin magana kunyar shiga taro yake, kuma in aka rufe maka ƙofa sau ɗaya sai ka riƙa tsoron kowace ƙofa. Uzuri ne na gaskiya. Amma ki riƙe abin da ya nuna miki game da kanki: in kin tsorata, ɗaki kike shigewa. Za ki sake zama baƙuwa, a bautar ƙasa, a wurin aiki, a gidan aure, gara ki san halin tun yanzu.

Akwai kuma wani abu da ba ki faɗa ba, amma yana cikin maganar Baba. Ƙasar malamai. Bai yi kuskure ba. Alƙali Iyad mai Ashafa, wadda ake karantawa a masallatanmu duk azumi, ya yi alƙalanci a Giranada. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne, tafiyar 'yan awanni daga inda kika zauna. Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin waɗannan littattafai yana da wata Andalus a kansa, kuma ina jin da ita kika hau jirgi. To amma daular Musulmi ta ƙarshe a can ta faɗi a farkon 1492, daga 1609 kuma aka fara korar zuriyarsu daga ƙasar baki ɗaya, duk da an riga an tilasta musu Kiristanci. Abin da kika tarar birni ne na Turai mai jami'a da mashaya da coci-coci. Alhambra kuwa gidan tarihi ce da mutum sama da miliyan 2 ke shiga a shekara, da tikiti mai ƙayyadadden lokaci, jama'a na turo ki gaba kafin ki gama karanta Larabcin da ke jikin bango. Kin je neman dangi ne kika tarar da kufai, an share shi tas an sa mai gadi a ƙofa. Wani ɓangare na ƙuncinki daga nan yake, kuma shi ba a ɗora wa kowa laifinsa.

To, Baba. Ki faɗa masa, kuma cikin makon nan. Kafin ma a zo maganar tarbiyya, akwai ta takarda: jami'ar can tana turo sakamako zuwa jami'arku, in ma ba ta riga ta turo ba. Cikakken zango a tsarinsu kiredit 30 ne, wato ma'aunin nauyin darussa. In darussanki masu shida-shida ne kamar yadda aka saba, 18 kika dawo da su, kuma gibin 12 ɗin zai fito a matsayin kwasa-kwasan da za ki maimaita, mai yiwuwa har ya taɓa lokacin gamawarki. Shugaban sashe zai gani, malamai za su gani, kuma kin san garinmu, magana ba ta kwana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko dai daga bakinki zai ji, ko daga bakin wani a majalisar da yake alfahari da ke. Na farkon zai ɓata masa rai na kwana biyu. Na biyun shi ne zai kunyata shi a gaban Baffa.

Ki fara da Mama in kun fi sakewa, amma kada ki bar ta ta kai saƙon ita kaɗai. Ki same shi bayan isha'i, ba kowa a wurin, da takardar a hannunki. Kada ki fara da kuka ko doguwar shimfiɗa, domin in 'yar da ta dawo daga Turai ta ce akwai maganar da ta ɓoye, zuciyar uba mafi munin abu take fara kawowa. Ki cire masa wannan tsoron tun a jimlar farko: "Baba, lafiya lau nake, ban yi abin kunya ba. Karatun ne ya ba ni wuya. Cikin darussa biyar na ci uku na faɗi biyu, saboda da harshensu aka koyar. Nauyin filin ne ya hana ni faɗa muku." Sai ki yi shiru ki bar shi. In ya yi faɗa, ki saurara. In ya yi shiru, kada ki cike shirun da alkawarin da ba ki da tabbas a kansa, irin su za ki saya masa wani filin.

Shi ma filin, ki daina auna shi da hotuna. Abin da Baffa ya ji tsoro shi ne ki je ki lalace. Kin zauna wata biyar ba idon kowa a kanki, kin riƙe sallarki da azuminki, kin dawo da mutuncinki. A muhawarar da aka yi a gidanku Baba ne ya yi nasara, har da darussa biyun. Baffa kuwa ba ya binki bayani. In Baba ya ga dama ya faɗa masa, tsakaninsu ne.

Abin da Baba zai tambaya bayan ya huce shi ne yanzu me za a yi, don haka ki je da amsa. Ki tura saƙo yau ga ofishin baƙin ɗalibai na jami'ar can da malaman darussan biyu. Jami'o'in Sifaniya suna ba wanda ya faɗi damar sake zama a cikin shekarar karatun, wasu a ƙarshen Yuni ko Yuli, wasu a Satumba. Ki tambaya ko ta wuce, in ba ta wuce ba ko za a yarda ki yi daga nesa, ko a karɓi rubutaccen aiki, ko ki amsa da Turanci. Ba dole ne su yarda ba, ya danganta da malami da dokar tsangaya, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Ki rubuta da Sifaniyancinki ko da gurguwa ce, ki ɗora Turanci a ƙasa. Sannan ki ga jami'in da ke kula da musayar a jami'arku: waɗanne kwasa-kwasai za a ɗauke miki a madadin ukun da kika ci, yaya za a juya makin zuwa namu, yaushe za ki cike gibin. Ki kuma ciro yarjejeniyar tallafin da kika sa wa hannu ki karanta ta layi-layi, domin wasu jami'o'in suna sharɗanta adadin kiredit da dole a ci, in ba a kai ba sai a nemi a mayar da wani ɓangare na kuɗin. Ki gani da idonki kafin ki zauna da Baba, kada maganar ta zo masa kashi biyu.

In kin sauke wannan nauyin amma har yanzu barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga, abin da kike so a da ba ya burge ki, kuma kin wuce mako biyu a haka, ki je asibitin jami'a ki ga likita. Doguwar kaɗaici tana iya barin ciwon damuwa, kuma ana maganinsa.

Jawabin kuwa ki karɓa, amma sai Baba ya ji, sai kuma kin ga shugaban sashe ke da shi. Ƙannenki sun ga hotuna, ba su rasa masu ce musu Turai daɗi ba. Wanda suka rasa shi ne mai ce musu su rubuta wa malamin kowane darasi su tambayi harshen koyarwa kafin su sa hannu, kuma wanda bai kai B1 ba ya tsaya a na Turanci ya haɗa da ajin koyon harshe. Ki ce musu su riƙo kuɗin wata biyu ko da an yi alkawarin tallafi, su nemi kayan sanyi na gaske don Giranada a gindin duwatsu masu ƙanƙara take kuma gidajen haya da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki. Mai hijabi ta yi kiran bidiyo da mai gida tun tana nan, wanda zai ƙi ya ƙi kafin ta ja akwati zuwa ƙofarsa. Juma'ar farko su je masallaci su gaisa da mutane, don a makonnin farko ake ƙulla abota, daga baya kowa ya sami nasa. Kuma kada su yanki tikitin dawowa sai sun duba ranar jarrabawar zama na biyu.

Ba sai kin ba su labarin daren da kika kwana kina kuka ba, wannan naki ne. Amma ki ce na faɗi biyu, ga dalili. Daga nan ne za su fara saurarenki da gaske. Kada kuma ki ce musu kada su je. Wata za ta tafi da harshenta a baki, ta dace da 'yar ɗaki ta gari, ta dawo tana kukan rabuwa, ita ma gaskiyarta ce.

Saura harshen. Na fahimci ƙyamar, kunne yakan haɗa sauti da wahalar da aka sha a cikinsa. Ki huta wata guda. Kada ki wuce haka, don abin da ya fi wuya a koyon harshe shi ne kunne ya saba, kuma shi kika riga kika biya da wata biyar. Harshen da ba a ƙware ba saurin zubewa yake yi. Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutum kusan miliyan 500, harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan bakin tekunmu, kuma masu digirin tattalin arziki da suka haɗa Hausa da Turanci da shi ba su da yawa. Ki gwada sauraron rediyon birnin Meksiko ko na Bogota, inda ake furta harufan da mutanen Giranada ke haɗiyewa, za ki yi mamakin yawan abin da kike ganewa. In ranki ya dawo, akwai jarrabawar iya Sifaniyanci mai suna DELE ta Cibiyar Cervantes, wadda shaidarta ba ta ƙarewa. Ki sa B1 a gaba cikin shekara guda, ki duba shafinsu ki ga cibiyar da ta fi kusa da ke da lokacin rajista.

Allah ya sa Baba ya fahimta. Ki rubuto mini yadda kuka yi.